Cocin da Aka Gina a Bayan Ganuwa

Karatun safiyar yau: Ibraniyawa 13:11-16. A buɗe Littafi a karanta shi a natse, sannan mu yi bimbini tare.



A Shahuci babu coci. In ban da shi, babu abin da unguwar ta rasa na rayuwar birni. Gidan Sarki da Babban Masallaci tafiyar 'yan mintoci ne, ga Gidan Makama, ga kasuwar Rimi, ga asibitin Murtala da ba ya barci dare da rana. A firamaren Shahuci Malam Aminu Kano ya yi karatun boko na farko, a nan kuma aka buɗe makarantar horar da alƙalai a ƙarshen shekarun 1920, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Amma ɗan Katolikan da neman abinci ya kai shi wannan unguwa, ko ma'aikaciyar jinyar da ta kwana a kan marasa lafiya, in suna son halartar Mas ɗin safe, sai sun fita daga birni. Mutum zai bi ta Ƙofar Mata, ya bar marina da karofinsu a gefe, ya ratsa Fagge da Kantin Kwari, ya kai Bata, sannan ya faɗa Sabon Gari inda cocin Fatima yake. A a-daidaita-sahu tafiyar ba wata mai nisa ba ce. Sai dai duk wanda ya yi ta ya ƙetare wani layi da aka shata tun kafin a san za a haifi kakan kakansa.

Layin nan shi ne ganuwa. Sarki Gijimasu ne ya aza harsashinta a ƙarni na 12, sarakunan da suka biyo baya suka yi ta faɗaɗa ta, har da Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. An gina ta don yaƙi, amma ko da yaƙi ya ƙare ta ci gaba da wani aikin: ita ke bambanta ɗan gari da baƙo.

Wanda ya rubuta wasiƙar Ibraniyawa ya san zafin wannan bambanci. Yana tuna wa masu karatunsa ka'idar Ranar Kafara da ke cikin Littafin Firistoci sura 16. Babban firist kan shiga Wuri Mafi Tsarki da jinin dabbar hadaya, amma gangar jikin dabbar ba a barin ta a cikin zango, waje ake kai ta a ƙone. Bayan zango kuwa can ake ajiye kuturu, can ake jifan wanda aka yanke wa hukunci, can ake zubar da toka. Marubucin ya nuna mana cewa a irin wannan wuri ne Yesu ya sha wahala, a bayan ƙofar Urushalima. Daga nan sai ya kira mu mu fita mu same shi a can, mu ɗauki rabonmu na wulakancin da ya sha, tun da yake babu birnin da zai dawwama gare mu a duniyar nan.

Ɗan Katolikan Kano ba ya buƙatar dogon sharhi kafin ya gane wannan aya. Tarihin cocinsa ne aka karanta masa.

Tun a 1710 wasu limamai biyu 'yan ɗarikar Faransis, Carlo na Genova da Severino na Silesia, suka taso daga Tarabulus, suka keto Sahara ta Fazzan da Agadas, suna neman wasu Kirista da aka ba su labari a ƙasar Kwararrafa. A Katsina ciwo ya kama su, a can suka rasu a 1711. Ba su bar gini ba, ba su bar jama'a ba. A 1900 ayarin Angalikan na Bishop Tugwell, da Dokta Miller a cikinsu, suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su suka koma. Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, Gwamna Lugga kuma ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba, saboda haka aka taƙaita 'yan mishan a ƙasashen sarakunan Musulunci. Shi ya sa da limaman ƙungiyar mishan ta SMA suka zo kafa tashar Katolika a Arewa a 1907, Fada Oswald Waller da abokansa biyu, can Shendam suka sauka, a ƙasar Goemai, nesa da Kano.

Abin da ya kawo Katolika Kano jirgin ƙasa ne. Dogo ya iso a 1911, wajen 1913 kuma aka yanka filin Sabon Gari don baƙin da ya kwaso: akawuna, direbobin jirgi, kafintoci, birkiloli, teloli, kukun Turawa, mutanen Legas da Onica da Asaba da Lokoja, har da na Saliyo da ƙasar da yau ake kira Gana. A cikin akwatunansu akwai rozari da littafin addu'a. Su ne suka fara taruwa ranar Lahadi, katikis ko wani dattijo ya ja addu'a, Fada kuwa sai jifa-jifa yake zuwa. A shekarun 1920 aka samu limami mazauni, aka gina cocin farko da sunan Alisabatu Mai Tsarki. A 1934 Kano ta shiga ƙarƙashin sabon yankin mishan na Kaduna. Sistocin St. Louis suka iso daga Ailan a 1948 suka kama aikin makaranta. Jama'a ta yi yawa, tsohon ginin ya kasa ɗauka, sai a shekarun 1950 aka gina babban coci da sunan Uwargijiyarmu ta Fatima, lokacin da labarin bayyanar Maryamu ga yara uku makiyaya a ƙauyen Fatima na ƙasar Fotugal a 1917 ya game duniyar Katolika. A 1991 aka cire Kano daga Kaduna ta zama mishan mai cin gashin kanta, a 1999 ta zama cikakkiyar dayosis, aka girka kujerar bishop a cocin Fatima. Bishop Patrick Sheehan ne ya fara zama a kanta, Bishop John Namaza Niyiring ya gaje shi a 2008.

Akwai masu ba da wannan labari da ɗacin rai, kamar an yi mana ƙwacen wani abu. Ni ban ga haka ba. Mutanen birni sun yi ɗaruruwan shekaru da addininsu kafin jirgi ya zo, kuma babu al'ummar da ke buɗe wa baƙon addini ƙofa da gudu. Bature kuma ba don son Musulunci ko ƙin Almasihu ya raba mazaunin ba, sauƙin mulkinsa yake nema. Tambayar da ta dace da safiya irin ta yau ita ce, me Allah ya yi da wurin da aka ba mu.

Mu duba manyan cocin da Katolika ke alfahari da su. Dokar Romawa ta hana binne gawa a cikin birni, saboda haka kabarin Bitrus a maƙabartar tudun Batikan yake, a ƙetaren kogin Tiber, kabarin Bulus kuma a kan hanyar Ostiya. A kan kaburburan nan aka gina cocinsu a ƙarni na 4, dukansu a wajen ganuwar Roma. Sai a ƙarni na 9 aka kewaye na Bitrus da katanga, na Bulus kuwa har gobe da laƙabin bayan ganuwa ake kiransa. Ashe zama a bayan gari tsohon gado ne a gidanmu, ba a kanmu aka fara ba.

Yanzu mu shiga cikin ginin. Ko Fatima ne, ko wani tsohon cocin Katolika a Zariya ko Jos, abubuwan da ido zai tarar kusan ɗaya ne, kuma kowanne da dalilinsa. A bakin ƙofa akwai ruwa mai tsarki, mutum ya tsoma yatsa ya yi alamar gicciye, ya tuna da baftismarsa, wato ranar da aka shigo da shi. A jikin bango dama da hagu ga tashoshi 14 na Hanyar Gicciye, kuma in ka lura, tafiyar da suke nunawa tafiyar fita ce, daga fadar Bilatus a cikin birni zuwa Golgota a waje. Duk Juma'ar azumi muna bin bangon nan, muna raka shi har ya fita ƙofar gari. Gaba ga mumbarin karanta Maganar Allah, ga bagade, ga akwatin da ake ajiye Jikin Ubangiji da 'yar fitilarsa da ba a bari ta mutu.

Fasalin dogon ɗakin kansa yana da labari. Da Sarki Kustantin ya ba Kirista 'yancin ibada a 313, suka tashi gina manyan wuraren sujada, ba su kwaikwayi ɗakunan gumaka ba. Ɗakin gunki na gunki ne da mai yi masa hidima, jama'a a waje suke tsayawa. Sai suka ɗauki fasalin babban ɗakin taron da Romawa ke shari'a da ciniki a ciki: dogon ɗaki, layin ginshiƙai a kowane gefe, tagogi can sama don haske, a ƙurya kuma wani wuri mai lanƙwasa inda alƙali ke zama. Suka sa kujerar bishop a mazaunin alƙali, suka sa bagade a gabanta. Sun zaɓi gini ne da zai ɗauki kowa da kowa a ƙarƙashin rufi ɗaya. Yawancin cocin mishan na ƙasar nan wannan fasali suka gada, ko da ƙarfe da katako sun maye gurbin ginshiƙan dutse.

A gidan Bahaushe baƙo iyakarsa zaure. A nan za a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa, a miƙo masa tuwo, a karrama shi iyakar karramawa, amma cikin gida na masu gida ne. Cocin Katolika an gina shi ne kamar gidan da aka rushe bangon da ke tsakanin zaure da tsakar gida. Daga bakin titi ido na hango teburin maigida, kuma hanyar da ta ratsa tsakiyar bencina miƙaƙƙiya ce, babu kwana babu shamaki. Wanda ya sauko daga motar Onica jiya da dare da wanda aka yi wa kakansa baftisma a cocin Alisabatu layi ɗaya za su bi, gurasa ɗaya za a ba su. Abin lura, mutanen da aka ajiye a zauren Kano su ne suka tara kwabo da sule suka gina irin wannan gida.

Har zuwa babban taron Batikan na Biyu, daga 1962 zuwa 1965, da Latin ake yin Mas, Fada ya fuskanci bagade jama'a na bayansa. A wuri irin Sabon Gari wannan ma yana da nasa amfani, don babu wanda zai ce harshensa aka fifita. Ibo da Bayarabe da mutumin Edo da ɗan Labanan da Bature duk ɗaya suke a gaban Latin. Bayan taron aka matso da bagade kusa da jama'a, Fada ya juyo yana kallonsu, aka fara jin Turanci da Ibo da Hausa, daga baya ganga da tulu da kacau-kacau na Zumuntar Mata suka shigo. Ginin bai canja sosai ba, amma muryarsa ta canja.

Abu guda nake jin takaicinsa in na tsaya a gaban Gidan Makama na dubi aikin maginan Kano. Mutanen nan sun iya gini. Da tubali da azarar giginya suke ɗaure bakan gizo ya tsallake faffaɗan ɗaki, su yi tulluwa a sama, su tsayar da zanko a kusurwa, su shafe bango da makuba, su sa indararo ya zubar da ruwan damina nesa da gindin gini. A cikin irin wannan soro ko a tsakiyar bazara da sanyinsa. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19 har yau masana gini daga ƙasashen duniya na zuwa kallonsa. Amma cocinmu mafi yawa da bulo da siminti da kwano aka yi su, a kan zanen da aka zo da shi daga waje. Akwai hujja, ba a musu: siminti ba ya neman yaɓe duk shekara, jama'ar da ke biyan kuɗin kuma ba a ginin soro suka tashi ba. Duk da haka wasu sun gwada wata hanyar. A Wusasa an gina cocin Bartalamawas Mai Tsarki na Angalikan a 1929 da ƙasa, ginin Hausa sosai, yana nan tsaye. A Navrongo ta arewacin Gana kuma akwai babban cocin Katolika na ƙasa tun 1920, wanda matan garin suka ƙawata bangonsa da zanen gargajiyarsu. Da a ce Kano ta sami ko guda ɗaya irin wannan, wataƙila da maganar nan ta "addinin baƙi" ba ta yi nauyi haka a kunnen mutane ba.

Maganar kuwa ba gaskiya ba ce ɗungurungum. A ƙauyukan Kano da Jigawa da Katsina akwai Hausawa Kirista, jikokin Maguzawa, waɗanda kakanninsu ke ƙasar nan tun ana hawa Dala wurin Barbushe, tun ba a kwaɓa ƙasar ganuwa ba. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. To su waɗannan kaba ne, saiwarsu a ƙasa take. A Disamban 2023 aka naɗa ɗansu, Gerald Mamman Musa na Malumfashi, bishop na farko na sabuwar dayosis ɗin Katsina, garin da limaman nan biyu suka rasu shekara 312 kafin nan. Sai dai mu tambayi kanmu tsakani da Allah. Idan manomi daga ƙauye ya shigo babban coci a Sabon Gari da ƙurar hanya a ƙafarsa, ba ya jin Turanci, ba shi da ambulan ɗin baiko, wa ke matsa masa a benci? Wa ke tambayarsa ya ya baro gida? Mai yiwuwa ne jama'ar da aka mayar baƙi su ma su mayar da ɗan gari baƙo a gaban bagade, kuma wannan ya fi na farko muni, don mu mun san ɗacinsa.

Ga wani abu game da ganuwa: ba ta zama wuri ɗaya. Shekaru kaɗan bayan mutuwar Yesu, Sarki Hirudus Agaribas ya faɗaɗa ganuwar Urushalima, Golgota ta koma cikin birni. Shi ya sa mai ziyara a yau yake tarar da Cocin Kabari Mai Tsarki, wanda aka keɓe a 335, a tsakiyar lungunan tsohon gari, har ya yi mamaki. Haka Kano. Badala ta zaizaye, an yi gidaje da shaguna a inda take, gari ya bazu ya wuce Hotoro da Rijiyar Zaki da Dawanau. Sabon Garin da aka yanka a bayan gari yau yana tsakiyar hada-hada, filinsa ya fi ƙarfin talaka. Cocin da aka gina a waje ya zama na ciki, da bishop, da makarantu, da manyan mutane a bencin gaba. Idan kuwa Ubangijinmu a bayan ƙofa ake samunsa, to dole kowace tsara ta sake tambaya, yau ina ne bayan ƙofa? Yana iya zama ƙarƙashin gadar Ƙofar Nasarawa inda almajiri ya kwana cikin hunturu. Yana iya zama barandar asibiti, wurin matar da aka rubuta wa magani ta ninke takardar ta sa a haɓar zane don babu kuɗi. Yana iya zama ɗaki ɗaya a Sabon Gari da yarinyar da kowa ya san sana'arta, babu mai gaishe ta ranar Lahadi.

Mu ma yanzu muna da katanga. Wanda ya ga rikicin 1953 da na 1966 da na 1991, ko ya ji daga bakin iyayensa, ba zai zargi coci don ya ja katanga ya sa ƙofar ƙarfe ba. Ranar 27 ga Yulin 2014 aka jefa bam a cocin St. Charles a Sabon Gari ana tashi daga Mas, mutane suka mutu. Tun daga shekarun nan ake bincikar jaka a bakin ƙofa, kuma daidai ne, rai ba abin wasa ba ne. Amma wata huɗu bayan haka, ranar 28 ga Nuwamba, aka kai hari Babban Masallacin Kano ana shirin sallar Juma'a, can kusa da Shahuci, sama da mutum 100 suka rasu. Hannu ɗaya ne ya zubar da jini a ciki da wajen ganuwa a shekara guda. Wanda ya riƙe ranar farko a zuciyarsa ya manta da ta biyu, katangarsa ta tashi daga harabar coci ta koma cikin ƙirjinsa. Taron Batikan na Biyu ya riga ya koya mana a 1965 cewa Ikkilisiya na duban Musulmi da girmamawa, su da ke bauta wa Allah ɗaya, suke girmama Maryamu, suke riƙe da salla da zakka da azumi. Ladanin da ya tashe ka da asubar nan ya riga ƙararrawarmu kiran mutane ga Allah, kuma ba laifi ba ne ka bar kiransa ya tuna maka da taka addu'ar.

Ayoyi biyu na ƙarshen karatunmu sun ambaci hadayu biyu da ba sa neman gini: yabon Allah da baki, da yin alheri tare da raba abin hannu. Kai ɗan'uwa da za ka buɗe shago a Shahuci ko Rimi yau, ba za ka samu zuwa Fatima ba sai Lahadi, waɗannan biyun suna hannunka. Kada ka sayar da maganin da ya lalace. Ka mayar da canjin da yaro ya manta. In lokacin azahar ya yi maƙwabcinka ya ce ka duba masa kaya, ka duba kamar naka. In an yi masa rasuwa ka je ka zauna a tabarma ka yi ta'aziyya, kada ka aika. Ke 'yar'uwa da ke sauka daga aikin dare, tsohon da kika juya a gado sau da yawa kafin gari ya waye bai tambayi addininki ba, ke ma ba ki tambayi nasa ba. Ki ɗora wannan a kan bagade ranar Lahadi tare da gurasa da ruwan inabi.

Mu yi addu'a.

Ya Ubangiji Yesu, kai da aka fitar da kai bayan gari, ka ji ƙan limaman da suka rasu a Katsina, da ma'aikatan jirgi da matansu da suka ɗauki yashi da bulo a ka suka gina mana wurin sujada, da sistoci da katikis da ba a rubuta sunayensu ba. Ka ji ƙan waɗanda suka mutu a St. Charles da waɗanda suka mutu a Babban Masallaci, ka ta'azantar da iyalansu. Ka albarkaci bishop ɗinmu da limamansa. Ka ba masu mulkin Kano adalci, ka ba malamanta hikima. Ka tsare mutanen Shahuci da na Fagge da na Sabon Gari a fitarsu da komowarsu yau. Ka warkar da marasa lafiyar da ke kwance a asibitin Murtala, ka ƙarfafa masu jinyarsu. Ka ba 'yan'uwanmu na ƙauye damina mai albarka da wurin zama a cikinmu. Maryamu, Uwargijiyarmu ta Fatima, ki yi roƙo dominmu. Da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Amin.